Lambobin Invois Sun Ƙare wa Na-Sani

Akwai wani matashi da ake kira Na-Sani, saboda ba a taɓa faɗa masa abu ya ce bai sani ba. Shi aka ɗauko ya saita sabuwar manhaja a ofishin wani attajiri mai kamfani biyu: babba na sayar da rodi, ƙarami na ƙusa da fenti.

Sharaɗin maigida ɗaya ne. Kowane kamfani a yanka masa nasa jerin lambobin invois, wato takardar kuɗin kaya, kada lamba ɗaya ta fito sau biyu.

A ofishin akwai tsohon akawu, Baba Rasit, shekararsa ashirin yana rubuta invois da hannu. Tun ranar farko Na-Sani ya raɗa wa maigida cewa a sallami tsohon a ƙarshen wata, wai manhaja ta gama masa aiki. Ji rashin kunya!

Ranar saiti, Na-Sani ya ba kamfanin ƙusa daga ɗaya zuwa 999, ya ba na rodi daga dubu zuwa sama.

Baba Rasit ya leƙo ta bayansa. “Ɗana, ka matse masu ƙusa. Ƙara musu.”

“Baba, 'yan ƙusa? Cinikinsu na wata bai kai tirela ɗaya ta rodi ba.”

“Ba girman ciniki ke cin lamba ba. Mai tirela takarda ɗaya yake karɓa, mai ƙusa kwali ɗaya ma takarda ɗaya.”

Na-Sani ya yi tsaki, ko waiwaye bai yi ba. “Je ka ji da bironka.”

Wallahi ni da nake ba ku labarin nan, tsakin ya fi komai ƙona min rai.

Bayan kwana goma sha tara, da hantsi, manhaja ta cije. Lambobin kamfanin ƙusa sun ƙare ƙaf. Kafintoci da masu fenti sun cika kanti, mai gadi ya ce ba kayan da zai fita ba takarda. Na-Sani ya zo yana huci zai ƙara lambobi, manhaja ta ce dubu tana da mai ita, wato kamfanin rodi. Gogan naku sai ya mayar da ƙidaya kan ɗaya.

Kafin azahar wani kafinta ya ajiye invois biyu a teburin maigida, dukansu lamba 14, kaya daban, rana daban. “Alhaji, wanne zan biya?”

Maigida ya dubi Na-Sani.

Baba Rasit ya jawo tsohon littafinsa, ya sallami mutane da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana sa “Ƙ” ta ƙusa a gaban kowace lamba don kada su cakuɗe. Da ya gama, maigida ya ce, “Baba, kujerarka tana nan. Kai kuma zauna, duk lambar da ya faɗa ita za ka shigar.”

Na-Sani ya zauna, murya ƙasa-ƙasa. “Baba, nawa zan ba masu ƙusa?”

“Au, ba ka sani ba?”

Darasi: Kafin ka raina mutum ko ka raina aikinsa, tambaye shi abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba. Iya danna kwamfuta daban, sanin aiki daban. Ku tura wa duk wani Na-Sani da ke ofishinku.