Sabulun Irmgard da Fuskar Ƙanwarta

Akwai wata mata a unguwarmu ta Nippes, nan birnin Koln, ana ce da ita Irmgard. Mace ce mai hannun kyauta, wannan ban rage mata ba. Amma in ta ce abu fari ne, ko gawayi ne, sai ka yarda a zauna lafiya.

Shekara ashirin da shida ita ke jan ƙungiyar matan da ke fita bikin Karnabal da shigar wawaye. Riga ta ƙyallaye, jan hancin roba, fuska kuwa a lafta mata farin fenti mai maiƙo tun daga goshi har haɓa.

Shafa fentin ba wuya. Cire shi ne aiki.

Ita Irmgard fatarta mai kauri ce, ga maiƙo. Sabulun wanki take samu, da ruwan zafi da tsumma, ta dirje fuskar kamar gindin tukunya. Ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito mata ba, don haka ta ɗauka duniya duka haka take.

Tana da ƙanwa, Lore. Tun da mijin Lore ya rasu shekara uku da suka wuce, in gangunan biki suka tashi sai ta rufe taga ta ja labule. Bana da ƙyar da lallashi Irmgard ta shawo kanta. Burinta ɗaya, ranar Lahadi, ranar jerin gwanon unguwanni, ta ga ƙanwarta a gefenta.

Ranar Alhamis, ranar mata, suka yi fitar gwaji. Lore har rawa ta ɗan taka. Kafin rana ta faɗi suka dawo kicin ɗin Irmgard, kowa na kukan ƙafa.

A cikinsu akwai Roswitha, wadda ta yi shekara talatin tana aiki a kantin magani. Ta dubi Lore, ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka.

"Lore, fatarki mai bushewa ce. Karɓi wannan, mai ne. Maiƙo shi ke narkar da maiƙo. Ki shafa a hankali, ki goge da auduga."

"Likitar kwalabe ta fara," in ji Irmgard. "Ke kin bar kantin nan shekara biyar, shi kantin ya ƙi barinki. Uwa ɗaya ta haife mu. Abin da ya wanke ni zai wanke ta."

"Uwa ɗaya, amma fata biyu."

"Mayar da kwalbarki, kada ki zuba mana a miya."

Matan suka yi dariya. Roswitha ta mayar da kwalbar cikin jaka.

Irmgard ta zaunar da ƙanwarta, ta kama haɓarta ta hau dirza.

"Yaya, da zafi."

"Ke tun kina yarinya haka kike. A taje miki kai ma sai an ji ki a titi."

Washegari da safe Irmgard ta sayi burodi mai zafi ta nufi gidan Lore. Da aka buɗe ƙofa, saura kaɗan ledar ta faɗi daga hannunta. Fuskar nan ta yi jawur, kumatu sun tsattsage, fatar ido ta kumbura.

"Ba zan fita Lahadi ba," Lore ta ce a hankali. "Dama ban so ba. Ki bar ni in koma in rufe tagata, can na fi dacewa."

 Irmgard ta san ƙanwarta. In ta rufe tagar nan a wannan karon, ba mai sake buɗe ta. Kuma ba wani ya jawo ba, hannunta ne.

Ta koma gida ta soya cincin irin na biki, ta cika kwano. Ta hau benen Roswitha, hawa uku, tana haki.

Roswitha ta leƙo. "Ƙamshin ban haƙuri nake ji, ko hancina ne?"

"Karɓi ki ci, kada ki sa in faɗa da baki."

"Ai kuwa sai kin faɗa."

"Na yi kuskure. Na ɓata wa yarinyar nan fuska."

"Yarinya mai shekara hamsin da takwas." Roswitha ta jefa cincin ɗaya a baki, ta ɗauki jakarta. "Mu je."

A gidan Lore, Roswitha ta sa tsumma mai laushi a ruwan sanyi ta dafa mata a kumatu, ta shafa mata wani mai marar turare. Ta ce kada komai ya sake taɓa fuskar, in kuma kumburin ya ƙaru, sai likita.

Sannan ta juya ga Irmgard. "Ke kuma zo nan, 'yar makaranta."

Ta manna mata wata siririyar takarda a goshi. Takardar ta fito sharkaf da mai.

"Kin gani? Ke kina da rijiyar mai a fuska, shi ya sa sabulu bai kashe ki ba. Irinki, abin wankewa marar nauyi mai ɗan kumfa ya ishe ku. Mai busasshiyar fata, mai ko madarar goge fuska take so, ban da ruwan zafi. Mai saurin yin ja, ta guji duk abin da ke da turare, ta fara gwadawa a bayan kunne ta kwana ɗaya. Kuma ba a dirza. Fuska ce, ba dandamali ba."

"To," in ji Irmgard.

Lore ta ɗago kai. "Roswitha, ki rubuta ranar yau. Yaya ta ce to."

Ranar Asabar kumburin ya saɓe. Lahadi da safe matan suka taru ana ta shafe-shafe, Lore ma ta zo da rigarta a hannu. Roswitha ta duba ta a gaban taga, ta girgiza kai.

"Ta yi sauƙi, amma ba fenti. Ko ɗigo."

"To ai magana ta ƙare," in ji Lore, tana ninke rigar. "Dokar Yaya ce, wadda ba ta yi farar fuska ba ba ta shiga sahu. Ku sauka lafiya, zan leƙo ku."

Irmgard na gaban madubi, ta riga ta gama nata tsaf. Ta daɗe tana kallon kanta. Sai ta miƙa wa Roswitha hannu.

"Ba ni man nan da auduga."

A hankali ta goge, har fuskarta ta fito. Ta maƙala jan hanci ɗaya a nata, ɗaya a na ƙanwarta.

"Ni na kafa dokar, ni na sauke ta. Sa rigarki."

Wata daga cikin matan ta ce, "Shekara ashirin da shida, yau muka ga fuskar shugaba ranar biki. Ashe gara da fentin."

Lore ta fashe da dariya, har ta riƙe kumatu tana cewa a bari, za su tsage.

Haka suka fita, mata tara da farar fuska, biyu a gaba da tasu ta Allah. Yara ta ko'ina na ihun a watso musu alawa, kamar yadda aka saba a bikin. Lore ta cika hannu ta watsa, ta sake cikawa, ba ta tsaya ba har ƙarshen titi.

Darasi: 'Yata, ki san irin fatarki kafin ki ɗora mata komai, kuma kada ki auna ta wata da taki, ko da ciki ɗaya kuka fito. In kuma hannunki ya ɓata, ƙafarki ta hau bene ta nemo gyara, ba a mutuwa don an ce "na yi kuskure". Ku tura wa 'yar'uwar nan taku mai cewa ita ta san komai. Kowane gida akwai ɗaya.