Karen da Aka Yi Wasiyyar Kashewa

Akwai wani mutum manomi, tsoho, wanda gidansa yake a bakin gari, daidai inda gonaki suka fara. Matarsa ta riga shi tafiya. Ɗansa guda ɗaya, Habila, yana aiki a birni. Waɗanda suka rage masa a gida biyu ne: ƙanwarsa Afiniki, gwauruwa, wadda take tuƙa masa tuwo, da wani baƙin kare mai suna Duna.

A wancan gari ɓarayin awaki sukan jefo nama mai guba ta kan danga, kare ya ci ya mutu, su kuma su shigo su kwance dabbobi. Haka aka kashe wa mutumin nan karnuka biyu. Saboda haka da ya samu Duna yana ɗan kwikwiyo, sai ya hore shi kada ya ci komai sai abin da shi ya ba shi. Duna kuwa ya koya sarai. Ko tsokar nama ka ajiye a gabansa, sai ya kau da kai kamar dutse ka ajiye. Mutumin yana alfahari da wannan ƙwarai. In baƙo ya zo yakan ce, "Gwada ba shi ka gani. Hannuna kaɗai ya sani."

Afiniki ba ta son karen nan ko kaɗan. Yana zuba mata gashi a tabarma, yana kwanciya a ƙofar ɗakin girki sai ta tsallake shi da tukunya a hannu. Kullum da tsintsiya take binsa tana cewa, "Tashi ka ba ni wuri, ƙazami!" Shekara tara suna haka.

Da ciwon ajali ya kama mutumin, sai ya aika aka kira Habila. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yi mini alkawari. In na tafi, a kashe Duna, a binne shi kusa da ni a gindin ɗorawa. Ba wanda zai ci a hannunsa. Gara ya bi ni da ya mutu da yunwa."

Habila yana kuka ya ce, "Na yi alkawari, Baba."

Afiniki tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ta ji duka. Ta ce, "Yaya, wannan magana ba ta yi ba."

Ya ce, "Ke da ba kya sonsa, ina ruwanki?" Ya juya fuska wajen bango.

Ranar Lahadi ya rasu, ranar Litinin aka binne shi. Duna ya je ya kwanta a ƙofar ɗakin maigidansa, ya ɗora kai a kan ƙafafunsa. Habila ya kawo masa kifi, ya ƙi. Ya kawo nama, ya ƙi. Ya kawo madara a kwano, ko kallo bai yi ba. Ruwa kaɗai yake lasa. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa cewa, "Ashe tsohon ya san abin da ya faɗa." Habila ya aika wa malamin dabbobi, wanda yakan zo garin ranar kasuwa, ranar Alhamis, ya kuma haƙa ɗan rami kusa da kabarin ubansa.

Afiniki kuwa ta san wani abu da ba wanda ya sani. Shekara tara tana kai wa yayanta tuwo, tana ganin yadda yake yi. Yakan zauna a ƙasa, ya yanko loma, ya gutsuri rabi ya tauna ya haɗiye, Duna yana kallonsa, sa'an nan ya miƙa masa sauran. Karen ba hannun yake kallo ba, bakin yake kallo. Abin da ya ga an ci, ya san babu guba a ciki. Mai karen kansa bai taɓa lura ba, don ya fi so ya yarda cewa hannunsa ne. Amma kwana uku Afiniki ta yi shiru. Tana ƙyamar karen, tana kuma jin nauyin a ga babbar mace kamarta tana raba loma da kare a gaban surukai. Ta ce a ranta, yunwa za ta karya shi. Yunwa kuwa ba ta karya shi ba.

Ranar Alhamis da hantsi, mutane suna zaune a rumfar makoki, sai ga malamin dabbobi a kan babur da jakarsa. Habila ya ɗaura wa Duna igiya ya jawo shi tsakar gida. Karen yana tafiya yana tangaɗi. Malamin ya buɗe jaka ya fito da allura.

Sai Afiniki ta fito daga ɗakin girki, ta ɗaure zanenta tam, ta zo ta tsaya tsakanin allurar da karen.

Habila ya ce, "Gwaggo, ki matsa."

Ta ce, "Ba zan matsa ba."

"Wasiyyar Baba ce, Gwaggo."

"Da kunnena na ji ta. Tun yana da rai na ce masa ba ta yi ba, mutuwarsa kuma ba ta gyara ta ba."

Malamin dabbobi ya ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Babu zafi, kamar barci ne."

Ta juyo ta dube shi. "Malam, duba mini karen nan da kyau. Hauka yake? Ciwo gare shi? Ƙashinsa ya karye?"

Malamin ya buɗe bakin karen, ya taɓa cikinsa, ya ce, "Gaskiya, ban da yunwa, lafiyarsa ƙalau."

"To, jakarka ta marasa lafiya ce. Rufe ta."

Sai Filibus, dattijon ikilisiya, ya taso daga rumfa yana gyara murya. Ya ce, "Mama Afiniki, a bi a hankali. Maganar mamaci tana da nauyi."

Ta ce, "Tana da nauyi, Dattijo, a kan fartanyarsa da rumbunsa da rigarsa ta zuwa coci. Ya ba wanda ya ga dama. Kwikwiyon ma shi ya saya, na yarda. Amma numfashin da yake cikin hancin dabbar nan, a wace kasuwa Yaya ya saye shi? Gaya mini, in je in sayo masa nasa."

Filibus ya koma ya zauna.

Habila kuwa idonsa ya yi ja. Ya ce, "Gwaggo, kina tsammani daɗi nake ji? Yau kwana huɗu bai ci ba. So kike in tsaya ina kallo har ya bushe? To, ki ba shi. In ya ci a hannunki, na kwance igiyar nan. In bai ci ba, ki matsa mini."

Wasu a rumfa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, "Hannun tsintsiya ne zai ci a ciki?"

Afiniki ta shiga ɗakin girki ta ɗauko ɗumamen tuwo a akushin yayanta. Ta zo ta zauna a ƙasa, ba tabarma, ba kujera, a gaban surukai da dattawa da matan zumuntar ikilisiya. Ta yanko loma ta tsoma a miya, ta gutsuri rabi, ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta miƙa wa karen sauran.

Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Mama! Da kare?"

Ta ce, "Da kare. Wadda abin ya dama ta rufe ido."

Duna ya ɗaga kai ya dube ta, bai karɓa ba. Ta ajiye, ta yanko ta biyu, ta gutsura, ta miƙa. Ya shinshina, ya ja da baya, don ya san wannan hannun, kuma ba da alheri ya san shi ba. Malamin dabbobi bai mayar da allurar jaka ba tukuna. Ta yanko ta uku, ta matso har gwiwarta ta taɓa ƙafarsa, ta tauna a gaban idonsa, ta ce, "Ci, ƙazami. Ka gani ai ban mutu ba."

Duna ya miƙo wuya, ya ɗauki lomar daga tafin hannunta, ya haɗiye.

Afiniki ta ɗaga kai ta ce wa Habila, "Zauna."

"A ƙasa, Gwaggo?"

"Ubanka a ƙasa yake zama. Gutsura, ka ba shi."

Habila ya zauna da wandonsa na birni a cikin ƙasa, ya gutsura, ya miƙa. Duna ya ci. Nan Habila ya rufe fuska ya fashe da kuka, ya kwance igiyar da hannunsa. Afiniki ta tashi tana dafa gwiwa, ta ce masa, "In ka gama kukan, ka je ka cike ramin nan kafin akuya ta faɗa." Ta kuma nuna karen da yatsa ta ce, "Kai kuma kada ka ɗauka mun shirya. Hau tabarmata ka ga tsintsiya."

Ma'anar wannan misali ita ce, rai na Allah ne, ba na wanda yake ciyarwa ba. Dabbar da take gidanku amana ce aka ba ku. Ranar da kuka mutu amanar ta fita hannunku, ta koma ga Mai ita, shi kuma yana da wasu hannuwa. Dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta, babu magani, wannan magana ce dabam. Amma lafiyayya, a kashe ta don kawai maigidanta ya mutu, wannan zunubi ne, ko da an kira shi tausayi, ko da allurar babu zafi.

Mutumin nan ya ƙaunaci karensa, ban ce bai ƙaunace shi ba. Amma cikin ƙaunar akwai girman kai, irin na mai cewa, "In babu ni, babu mai iyawa." Akwai irinsa a cikinmu. Akwai uwar da ta hana 'ya'yanta sabawa da kowa. Akwai mai aikin ikilisiya da ya ƙi koya wa kowa aikin, don ranar da ba ya nan a ce kome ya tsaya. Ku tuba. Abin da kuka iya ku koyar tun kuna numfashi, abin da kuke riƙo kuma ku nema masa mai riƙo.

Ku 'ya'ya, ku girmama iyayenku, ku cika maganarsu. Amma in maganar ta ce ku yi abin da Allah bai ce ba, ba ku da izinin yi, ko a bakin kabari aka ɗora muku ita.

Kada kuma ku wanke Afiniki duka. Ta san maganin, ta zauna a kansa kwana uku don kada a yi mata dariya, dabba tana shan yunwa. Ubangijinmu bai yi haka ba. Ya sauko ya zauna a ƙasa tare da mu, ya fara ɗanɗana mutuwa a gaban idonmu domin mu karɓi rai daga hannunsa ba tsoro. In shi bai yi ƙyamarmu ba, wace ce ke, wane ne kai, da za ka tsaya kana kallon mai rai yana mutuwa don kada zanenka ya taɓa ƙasa?