Maƙerin da Ya Ƙi Fita

Kujerar da maigidana Malam Habu yake zama a kai, rediyo a kunne, yana bin wasan kurket, yau babu kowa a kanta. Hikayar da yake yawan ba ni ce ta rage mini, ga ta yadda na riƙe ta.

An yi wani sarki a ƙasar Tudun Marke, sunansa Zubairu, wanda ya gaji filin kurket guda daga kakanninsa. A wannan wasa, mai jifa yana auna turaku uku da ƙwallo, mai bugu yana karewa da sanda mai faɗi, in ya buga ta nesa ya sami maki. In ƙwallo ta taɓa turakun, ko aka cafe ta a sama, an fitar da shi. Akwai gajeren wasa, mai ƙidayayyen jifa, a fara da azahar a tashi kafin magariba, wanda ya fi maki ya ci. Akwai kuma dogo, na kwana biyar, wanda ba a cinsa sai an fitar da abokan karawa kaf.

Gajeren ya kwashe jama'a. Ran nan Ciroma, ɗan sarki kuma jagoran ƙungiyar fada, ya faɗi gaban mahaifinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, dogon wasan nan ya tsufa. 'Yan kallonsa tsofaffi ne da awaki, awakin ma ciyawa ta kawo su. A soke shi."

Fada ta kwashe da dariya, ban da Waziri Haladu, wanda a dogon wasa ya yi ƙuruciyarsa. Sarki ya dube shi ya ce, "Waziri, nuna mini abu guda da dogon yake da shi wanda gajeren ya rasa. In ka kasa, wasan ya tafi, rawaninka ya bi shi."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, hujjata ba ta baki ba ce. A kira ƙungiyar ƙauyen Dabagi, wadda ta fi kowace rauni, ta kara da ta fada, gajere sannan dogo."

A gajeren, kafin la'asar ta yi sanyi an lallasa Dabagi. Aka shiga dogo. Fada ta tara maki kamar ƙasa, mutanen Dabagi suna fita ɗaya bayan ɗaya, fili kuwa fayau. Da hantsin rana ta biyar, saura mutum biyu: Tanimu maƙeri, mai furfura, da Ilu dillalin awaki. Da an fitar da guda, magana ta ƙare, don ba a bugu sai da masu sanda biyu a fili. Waziri ya taɓa rawaninsa ya ji kamar na aro ne, ya matsa kusa da su ya ce, "Ban roƙe ku ku ci ba. Ku dai ƙi fita har faɗuwar rana."

Ciroma ya jefo, Tanimu ya tare. Ya sake jefowa, ya sake tarewa.

"Baba, sandar ta yi maka nauyi ne? Buga mana!"

"Ranka ya daɗe, ni ba na sauri. A gida ma babu mai jirana sai zugazugi. Jefo."

Ilu ya ɗaga murya daga ɗaya gefen: "Kada ka biye masa, Tanimu! Ciniki yake nema, ka ce albarka!"

Al'adar dogon wasa ce ba a yi wa wurin jifa yayyafi ko gyara har a gama, don haka ƙasa ta tsattsage, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama. Ta sami Tanimu a haƙarƙari, ya durƙusa, ya tofar da yawu, ya miƙe. Kafin la'asar labari ya game kasuwa: maƙerin Dabagi ya ƙi fita! Mahauta suka bar nama, mata suka hau katanga, yara suka cika rassan marke. Duk tarewa guda sai guɗa ta tashi, alhali ko maki ɗaya ba a ƙara ba.

Rana ta yi ja, saura jifa guda. 'Yan fada goma suka kewaye Tanimu, hannaye a buɗe. Sarki ya miƙe tsaye bai sani ba. Waziri ya rufe ido, ya kasa jurewa, ya buɗe. Ciroma ya sheƙo a guje ya saki ƙwallo, ta faɗa tsaga ta karkato wajen turaku. Tanimu ya kafa sanda, ƙwas! Ƙwallo ta mutu a gaban ƙafarsa. Ladan ya kira magariba, ihu ya kusa rufe kiran.

Bayan salla sarki ya ce, "Waziri, wa ya ci?"

"Babu, ranka ya daɗe. Canjaras."

"Da duk makin da muka tara?"

"Kun tara, amma ba ku fitar da su ba. Hujjata ke nan. A gajere mai ƙarfi kaɗai ke da rabo. A dogo an bar wa mai rauni ƙofa, in ya yi haƙuri ba a kayar da shi."

Sarki ya ce, "Ashe gajeren ya kamata in soke."

"A'a, Allah ya ba ka nasara. Wannan taro gajeren ne ya koya musu son wasa. Da ba su san Ciroma a can ba, da ba su zo ganin wanda ya gagare shi ba."

Sarki ya yi hukunci: rani na gajere, bayan girbi kuma fili na dogo ne, ba mai taɓa shi. Ciroma ya yi farat ya ce, "A fara da Dabagi. Ni da tsohon nan ba mu gama ba!" Sarki ya yi dariya, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya ba Tanimu ƙwallon da ta ƙuje masa haƙarƙari, ya ce, "Adalcin sarki ba ya cika sai ƙasarsa tana da wurin da mai rauni zai tsaya a kasa ture shi."

A nan Malam Habu yake tafa hannu ya ce, "Kin ji maza!" Shi ma ya tare ciwo iyakar ƙarfinsa, har lokacinsa ya cika. Ku taya ni roƙo: Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu haƙurin tsayuwa har faɗuwar tamu ranar. Amin.