Hanyar da Kalaba Ya Nuna wa Baƙo

Akwai wani masunci a fadamarmu ta Bangwelu, tun zamanin kakanni, sunansa Kalaba. Babu wanda ya kai shi sanin siririyar hanyar ruwan da ke ratsa ciyayi zuwa tsibirin da mutanenmu ke ɓuya in masu farautar bayi sun fito. Hanyar nan ita ce ransu. Ko suruki ne daga wani gari, sai an ɗaure masa ido kafin a shiga da shi.

Wata rana Kalaba ya tsinci wani Bature mai yawon gano ƙasashe, Aldous Renwick, a yashe bakin ruwa. Zazzaɓi ya kayar da shi, 'yan dakonsa sun watse. Kalaba ya kai shi bukkarsa ta kamun kifi, matarsa Nsofwa ta yi wata biyu tana dama masa kunun tamba.

Da Bature ya farfaɗo, sai ya nace yana son ganin inda ruwan ya nufa.

Nsofwa ta ce, "Baban Mwape, baƙon nan naka idonsa ya cika yawo. Ko kaza ya gani sai ya tambayi sunan uwarta."

Kalaba ya yi dariya. "Ke dai ki ce kin gaji da damun kunu! Jini za mu sha da shi. In ga ta inda ɗan'uwa zai ci amanar ɗan'uwansa."

Aka tsaga hannuwansu gaban dattawa, kowa ya lashi jinin ɗayan a kan hantar akuya. A wurinmu, wanda ya karya wannan rantsuwa ko gawarsa ba a taɓawa. Renwick har da hawayensa. Kalaba bai taɓa tunanin akwai mutumin da jini ba ya ɗaure shi ba, don haka ya sa shi a kwalekwale ido buɗe.

Duk kwanar da suka sha, Bature na karce a ɗan littafinsa.

"Ɗan'uwa, me kake ta zanawa?"

"Tsuntsaye ne kawai."

Bayan shekara huɗu, da hantsi, Kalaba yana can wajen kamun kifi da koma, jiragen masu farautar bayi suka shigo tsibirin ba tare da sun ɓata ko sau ɗaya ba. Shugabansu na riƙe da takarda. Ashe Renwick ya buga taswirar hanyar a ƙasarsu, an rataya masa lambar yabo, ita kuwa takardar ta bi hannun fatake ta dawo mana. Suka kwashe sama da mutum ɗari, har da Nsofwa da 'yarsu Mwape.

Waɗanda suka tsira ba su kashe Kalaba ba. Sun dai daina cin kifinsa, sun daina amsa gaisuwarsa, kuma wallahi gara kisan.

Ya tsufa tukuf lokacin da wani ɗan mishan ya zo da littafin Renwick, yana cigiyar wanda ya san "babban masoyin baƙar fata". Kalaba ya dogara sandarsa ya matso.

"Ɗan'uwana ne. Duba mini, me ya ce a kan Nsofwa?"

Mutumin ya yi ta buɗe shafuka. "Babu wannan sunan, baba."

"To, Kalaba fa?"

"Shi ma babu. Cewa ya yi shi kaɗai ya gano hanyar."

Darasi: Kada ka ɗauka abin da ke da tsarki a wurinka yana da tsarki a wurin kowa, kuma sirrin da rayukan jama'a suka rataya a kansa ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. In ka ji ana yabon wani gwarzo, tambayi waɗanda ya taka ya wuce. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.