Mutumin da Ya Ɗaga Hannu a Kotu

An yi wani mutum a nan unguwarmu ta Bromakoté. Za mu sakaya sunansa, don iyalinsa suna nan cikinmu. Lokacin da yake wata jami'a mai zaman kanta, shi ne kapitan na 'yan ƙwallon ƙafarta. Amininsa Kailu, ɗan wani mahauci, shi ke tsaron baya.

A shekara guda, sau uku Kailu yana gwara kai da abokin karawa ya faɗi sumamme. Sau ukun nan kuwa ruwa kawai aka kwara masa, koci ya ce a mayar da shi fili. Mutumin nan ne yake kama hannunsa ya tayar da shi.

Shekaru suka wuce. Mutumin ya sami aiki a unguwar Treichville, a kamfanin fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, kuma mai kamfanin shi ne mai jami'ar. Kailu kuwa sai kansa ya fara juyewa. Hannu na rawa, ga mantuwa, har wuƙa aka daina ba shi a rumfar mahaifinsa. Likita ya ce bugun da kai ya sha ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙanwarsa Tsahara ta kai jami'ar ƙara, jami'a ta ce ba a filinta aka yi ba.

Tsahara ta sami mutumin a ƙofar gidansa.

"Yaya, ba mu da takarda ko ɗaya. Kai ne ka gani da idonka. Abin da ka gani kawai za ka faɗa."

Ya ce in sha Allahu. Amma a makon nan maigidansa ya kira shi ofis, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ya ji an sa shi shaida. Bai ƙara komai ba.

Mutumin ya kasa cin abinci, don tsoron rantsuwa a kan ƙarya. Sai wani abokin aikinsa, Sadi, ya yi masa dariya.

"Kai Malam, wace rantsuwa? Kotun nan ba alwala, ba Alƙur'ani. Hannu kawai za ka ɗaga, kamar mai tsayar da motar haya ta gbaka a tashar Adjamé."

Ya 'yan uwa, wannan maganar ce ta kashe shi.

Ranar shari'a, yana shiga Kailu ya hango shi, ya washe baki.

"Kapitan, yau da wa za mu buga?"

Mutumin ya kau da kai. Alƙali ya ce ya ɗaga hannun dama. Ya dubi teburin, babu Alƙur'ani, sai ya ji zuciyarsa ta ɗan kwanta. Ya ce duk zamansa kapitan ba wanda ya taɓa suma a filin nan, ba Kailu ba, ba shi ba, ba kowa ba. Aka rubuta, ya sa hannu. Aka kori ƙarar. Tsahara ta ja hannun yayanta suka fita.

To amma shi ma ai da kai ya yi ta tare ƙwallo, shi ma an kwara masa ruwan nan har sau biyu. Bayan shekara shida ya fara rikita takardun kwantena, aka sallame shi. Yakan tsaya a sallah bai san raka'ar da yake ba. Wata rana aka tsince shi a kasuwar Gouro yana tambayar hanyar gidansa.

Matarsa Zinariya ta kai jami'ar ƙara. Lauyan jami'a bai wahalar da kansa ba, ya buɗe tsohuwar takarda ya karanta maganar mutumin da sa hannunsa. Nan ƙarar ta mutu.

Wata safiya da hankalinsa ya ɗan dawo, ya yi kuka, ya ce a kai shi ya janye shaidarsa, ko Kailu ya sami haƙƙinsa. Zinariya ta kai shi wurin lauya. Lauyan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya dubi matar.

"Hajiya, takardar likitan da kika kawo da kanki ta ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Wane alƙali ne zai karɓi maganarsa yanzu?"

Mutumin yana nan da rai. Kullum yana gaya wa masu wucewa cewa Kailu ya suma sau uku, suna ce masa sannu.

Ya 'yan uwa, wa ya ce mana sai an dafa Alƙur'ani Allah yake ji? Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, a masallaci aka yi ta ko a kotun da ake shari'a da Faransanci. Kuma wa ya ba mu tabbacin hankalinmu zai jira mu har mu tuba? Wanda ya san akwai gaskiyar wani a bakinsa, ya faɗe ta yau, tun ana karɓa.

Allah ya kiyaye mu da shaidar zur, ya bar mu da hankalinmu har mu sauke haƙƙin mutane. Amin.