Zoben da Baba Sallau Ya Miƙe

Ku gyara zama, ku da kuke cika mana kunne cewa kun san ƙwallon kwando. Ga shari'a, in ga mai yanke ta.

A wani gari an yi ƙungiya mai suna Shaho. Mai horar da ita Koci Tanimu ne, mutum marar yawan magana, ba shi da abokin hira sai allon da yake zana dabaru a kai. Shekara tara yana fama, sai bana suka kai zagayen fitar da gwani: wasa biyar, wanda ya ci uku ya wuce. Na ɗaya da na biyu da na biyar a filinsu.

Filin nan kuwa, zobban kwandunansa sun sunkuya kamar yatsa biyu saboda lilon 'yan unguwa, kuma a haka hannun kowa ya saba. Baba Sallau mai share filin ya ga baƙi za su zo, ya ji kunya ta kama shi. Ya kira mai walda ya miƙe zobban tsaf, ya shafa fenti, bai gaya wa kowa ba. Shi a ganinsa kyauta ya yi wa yaransa.

Lawwali, gwanin jifa daga nesa, shi ne hannun daman ƙungiyar. Jifan farko ya ji ƙarfen ba nasu ba ne. A wasan farko ya jefa goma sha tara, uku suka shiga. Na biyu ma sai a hankali. Ya yi gum, kada a ce ya kasa ne yake ɗora wa ƙarfe laifi, kuma kada tsoho ya sha faɗa. Kowace asuba yakan zo shi kaɗai ya yi jifa ɗari uku, har hannunsa ya gane sabon zoben. Wannan ma bai faɗa ba.

Koci Tanimu ya ga an ci su wasa biyu, ya ajiye Lawwali a benci, ya ce a riƙa tura wa dogaye ƙwallo ƙarƙashin kwando. Dabarar ta yi aiki, suka je garin mutane suka rama biyu. Amma a wasa na biyar abokan karawa sun gano shi, suka cunkushe ƙarƙashin kwando, suka bar waje fayau. Sau biyu Koci ya waiga ya dubi Lawwali, sau biyu ya kau da kai, don tsoron sauka daga dokin da ya kawo shi. Aka ci su da maki biyu.

Washegari da la'asar Koci ya dawo filin, ba kowa sai awaki. Wayar da ta saba damunsa ko tari ba ta yi ba, kaɗaici ya danne shi. Yana ɗaga kai ya hango tabon walda ƙarƙashin fenti. Ya kira Baba Sallau da Lawwali.

"Na ɗauka gyara na yi, Koci," in ji Baba Sallau, yana murza hularsa.

Lawwali ya dubi ƙasa. "Da ka sa ni jiya, wallahi da sun shiga."

"Da ka buɗe baki fa?"

"Da ka tambaye ni fa, Koci?"

Suka watse suka bar shi da takarda a hannu, domin shugabannin ƙungiya sun ce kafin Juma'a ya rubuta musu sunan mutum ɗaya da zai tafi, ko da nasa ne. Tsoho ba shi da wani wurin zuwa, Lawwali yanzu tauraronsa ke fitowa, shi kuma shekara tara ba kwana tara ba ce.

Da Baba bai taɓa ƙarfe ba, da an ci wasan farko. Da Lawwali ya yi magana, da an gyara tun da wuri. Da Koci ya kira shi, da maki biyu ba su gagara ba. To, alƙalami na hannunku: sunan wa za ku rubuta?