Shekarar da Gero Ya Tsaya a Bununi

A wani zamani mai tsawo, tun duniya tana da sauran dazuzzukan da ba a raɗa wa suna ba, an yi wani sarki a Birnin Marke ana ce masa Sarki Barmo. Ƙasarsa ƙasar gero ce, mai jigawa da fadama, kuma cikin shekara ashirin da ya yi bisa gadon sarauta ba a taɓa share gindin rumbu ba kafin sabon hatsi ya shigo gida. Matarsa ɗaya ce, Gimbiya Shekara, mace mai sanyin murya, wadda ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakinta. Ana tsakiyar damina, gero ya fid da kai ya yi bununi, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta.

Da aka dawo daga maƙabarta, tun ba a gama shimfiɗa tabarmin zaman makoki ba, sai wani boka daga duwatsun yamma ya nemi iso. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fito da wani ɗan gora mai bakin azurfa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a cikin goran nan akwai aljani mai riƙe rana. Idan ka rataya shi a wuya, yau ba za ta zama jiya ba, kuma duk sa'ad da ka kara shi a kunne za ka ji muryar Gimbiya kamar tana bayan labule. Sharaɗi ɗaya ne. Ranar da wani ya ce maka yaya haƙuri, kai kuma ka amsa masa, ka yarda ta tafi ke nan, goran zai fashe."

Sarki ya kara goran a kunne, ya ji ta tana tambayarsa ko ya ci abinci. Nan take ya sa aka yi shela cewa daga yau babu gaisuwar mutuwa a ƙasarsa, a fada ko a gidan talaka, don kada kalmar ta saba da bakin mutane har wani ya suɓuce ya faɗa masa. Aka naɗe tabarmi. Malaman da suka taho da addu'a a bakinsu suka koma da ita.

Rana ta ci gaba da fitowa tana faɗuwa, amma ba abin da ke matsawa. Gero ya tsaya a bununi, kore shar, ba ƙwaya ko ɗaya. Madara ta ƙi kwana ta zama nono, baba ya ƙi nuna a marina, mai cikin wata bakwai ta zauna da wata bakwai ɗinta. Yunwa kaɗai ce ba ta tsaya ba. Kafin shekara ta zagayo an share rumbuna, mutane sun koma kan tafasa da rama, tsofaffi da ƙananan yara suka fara faɗuwa, ana binne su kowa ya watse ba mai ce wa wani uffan.

Galadima, wanda tsoho ne tun na zamanin mahaifin sarki, ya shiga fada ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na goye ka a bayan nan nawa, saboda haka zan faɗa ko da za a fitar da ni daga gari. Jiya an binne mutum tara a unguwar maƙera. Idan geron nan bai yi ido ba, ba wanda zai rage da za ka yi sarauta a kansa."

Sarki ya sallame shi. Amma da ya kaɗaita da hantsi sai ya buɗe bakin goran ya kira aljanin, ya ce, "Ina son geron talakawana ya nuna, kuma ba na son muryar nan ta tafi. Akwai hanya?"

Aljanin ya amsa daga ciki da murya kamar ta iska a rijiya, ya ce, "Akwai, ɗan Adam, sai dai doguwa ce. Ka haye Gulbin Kanya zuwa inda ikona bai kai ba, da ƙafa, ba rawani ba zagi. Ka noma gero da hannunka har ya nuna, ka ɗauko dami guda ka watsa a gonakinka. Geron ƙasarka zai bi shi ya nuna, muryar kuma ta zauna maka."

Sarki ya bar gari a hannun Galadima, ya sa 'yar shara, ya tura goran cikin riga. Kwana shida yana tafiya kafin ya haye gulbi ya iso wani ƙauye ana ce masa Unguwar Ɗorawa, inda ya tarar ana maimai, wato noma na biyu. Wani manomi, Jatau, ya sauke shi a zaurensa ba tare da ya tambaye shi asalinsa ba. A gidan akwai mahaifin Jatau, tsoho tukuf, da ƙanwarsa Tabawa, wadda mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, tana sana'ar daddawa.

Ranar farko a gona fartanya ta sale masa tafin hannu. Da Tabawa ta kawo fura ta ga hannun sai ta yi dariya ta ce, "Malam baƙo, wannan hannu ko na mai jego. A garinku ana noma da baki ne?"

Ya ce, "Gaggawa nake, Tabawa. Yaushe geron nan zai nuna?"

Ta ce, "Tambayi geron mana. Ni kalwata ma sai ta kwana uku a rufe take zama daddawa, in na buɗe ta da wuri kaji ne za su ci."

Haka ya zauna. Ya yi gayya a gonar wannan, gobe a gonar wancan, layi ɗaya da mutanen da ba su san ko shi wane ne ba, suna waƙa suna jiransa idan ya yi baya. Ya koyi zama a inuwar ɗorawa da azahar yana kallon tsuntsayen buwa na sauka a kan zangarniya. Da farko sau ɗari yake kara goran a kunne kowace rana. Da hannunsa ya yi kanta sai ya lura wani lokaci yakan wuni bai taɓa shi ba, abin ya tsorata shi, ya riƙa ɓuya a bayan rumbu yana saurare har ya makara zuwa gona.

Saura kwana goma a fara girbi mahaifin Jatau ya rasu. Aka binne shi da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Sarki ya so ya zame, Jatau ya kama hannunsa ya ce, "Haba Malam, wata biyu kana cin tuwo ƙwarya ɗaya da Baba. Nan ne wurinka." Ya zaunar da shi a tabarmar 'yan gida.

Mutane suka yi ta zuwa, daga ƙauyuka na kusa da na nesa, kowa ya tsuguna ya ce, "Yaya haƙuri? Allah ya ji ƙansa." Jatau ya ce, "Da godiya." Da fari muryarsa na rawa, kafin la'asar ta daidaita. 'Yan ƙauyen sun san sarki baƙo ne, sukan ɗaga masa hannu su wuce. Shi kuwa yana zaune yana jin addu'a tana sauka a kan tsohon nan ba iyaka, sai ya tuna cewa shekara guda cur ba wanda ya buɗe baki ya ce Allah ya ji ƙan Shekara, kuma shi ne ya hana.

Can sai ga wani tsoho mai raunin gani, Baba Nomau, ya taho daga wani ƙauye yana dogara sanda. Ya bi tabarmar 'yan gida ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, har ya iso kan sarki, ya ɗauka ɗan mamacin ne. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ɗana, yaya haƙuri?"

Sarki ya tuna sharaɗin boka. Kwana goma kawai suka rage ya sami daminsa, ya tsira da gero da murya gaba ɗaya. Goran ya yi zafi a ƙirjinsa, yana jin Gimbiya a ciki tana kiransa. Tsohon bai saki hannun ba, ya ƙara matsowa ya ce, "Ko ba ka ji ni ba ne? Na ce yaya haƙuri?"

Sarki ya ce, "Da godiya, Baba."

Goran ya tsage gida biyu, wata farar iska ta fita ta bi ta kan gonaki. Sarki ya kifa kai ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Da ya natsa ya gaya musu ko shi wane ne da abin da ya aikata. Ba wanda ya tashi ya faɗi gabansa. Jatau dai ya ce, "Yaya sunanta?" Ya faɗa. Aka ɗaga hannu aka yi wa Shekara addu'a tare da tsohon, mata a cikin gida suna amsawa, kuma kwana ukun nan duk wanda ya zo mutum biyu yake yi wa gaisuwa.

Da sarki ya koma Birnin Marke ya tarar gero ya yi ido ya sunkuyar da kai, an haifi jarirai arba'in a mako guda. Mutanensa ba su da ƙarfin girbi, saboda haka Jatau ya taho da gayyar ƙauyuka bakwai suka yanke suka ɗaure, aka cika rumbuna. Sarki bai koma kan karaga ba sai da ya bi gidajen da aka yi rashi a shekarar yunwa, da ƙafa, gida gida, yana tsugunawa yana cewa yaya haƙuri. Waɗansu suka amsa. Wata mata a unguwar maƙera da ta binne 'ya'ya biyu ta dube shi ta shige ɗaki, ya koma washegari, ya sake komawa, sai a zuwa na goma sha ɗaya ta amsa masa daga bayan ƙofa.

Bayan haka ne ya aika Galadima Unguwar Ɗorawa neman auren Tabawa. Ta ce a ba ta kwana arba'in ta yi tunani, sarki ya jira bai aika ko sau ɗaya ba, ranar da suka cika ta ce ta yarda. Aka ɗaura aure da kaka, aka dama furar sabon gero aka raba wa gari duka, har matar nan ta unguwar maƙera ta aiko da ƙwaryarta aka zuba mata.

Nan labarin ya tsaya, kamar yadda na same shi a bakin magabata.